Ni Zan Kai Shi Likoma

Litinin, 3 ga Yuni, ƙarfe bakwai na safe. Maun.

Takardun izinin tashi sun iso, na Zambiya da na Malawi duka. Na baje su a kan teburin cin abinci da gangan, don in Gorata ta zo ta gani da idonta. Ta kuwa gani. Ta ajiye jakarta ta ce, "Mama, ke da Baba ku biyu kaɗai a sama? Bayan abin da likita ya faɗa?"

Na ce, "Likita bai faɗi komai a kaina ba."

"Mama, shekararki sittin da ɗaya."

"Na gode da tuni. Ni na haife ki, na san lissafin."

'Yata ce, ita kaɗai gare ni, kuma na san tsoro ke sa ta wannan ɗaga murya. Amma shekara ashirin da shida na yi ina shugabar makaranta, ba a kaina za a fara koyon tsawa ba. Lasisina na tuƙin jirgi shekararsa tara, ba a taɓa samuna da laifi ba. Na ubanta ne ba a sabunta ba a watan Afrilu, bayan shekara talatin da huɗu yana kai baƙi cikin fadamar Okavango.

Tun kafin mu yi aure Moagi yake ce mini zai kai ni Likoma. Tsibiri ne a tsakiyar tafkin Malawi. Ya taɓa kai wani likitan mishan can yana saurayi, tun ranar kunnena bai huta ba: ruwa iya ganinka, coci kamar dutse, kifi da ba a taɓa ci irinsa ba. Kullum sai baɗi. To, ba mu da baɗi da yawa a hannu yanzu. Ni zan kai shi.

Laraba, 5 ga Yuni, bayan azahar.

Na fita da Tsohuwa na yi sauka shida don hannuna ya warware. Haka muke kiran jirginmu, mai kujera huɗu da inji ɗaya, ta girmi Gorata da shekara uku. Moagi yana kujerar dama, bakinsa bai rufu ba.

"Kin yi sama da yawa. Hancinta, Maman Gorata, hancinta! Wa ya koya miki haka?"

"Kai."

A sauka ta huɗu hannunsa ya kai kan sitiyari. Na make shi kamar yadda nake make hannun yaro a kwanon miya. Ya janye, ya juya yana kallon taga har muka tsaya. Ban ji daɗin abin ba. Amma in ya sake zan sake.

Asabar, 8 ga Yuni, da yamma.

Sau huɗu ya tambaye ni yaushe za mu tashi. Sau huɗu na gaya masa. Lafiyarsa ƙalau.

Litinin, 10 ga Yuni, ƙarfe biyar na yamma.

Mun tashi! Gorata ta zo filin jirgi da kular nama da fanke, fuska a kumbure, ta rungume ubanta ta daɗe. Ni kuwa ta ce mini kawai in riƙa kira.

A fom ɗin fita akwai gida biyu, na matuƙi da na fasinja. Na rubuta Sethunya a na farko, Moagi a na biyu, na dafe wajen da tafin hannu har aka buga hatimi. A nan kowa ya san shi, tun daga mai shara har shugaban fili, ba wanda ya tambaye mu komai. Da muka hau titi sai yaron hasumiya ya ce ta rediyo, "Sauka lafiya, Kyaftin." Mu biyu muka amsa a tare.

Awa biyu da 'yan mintoci zuwa bakin iyaka, inda za mu kwana, ban kauce daga layi ba ko kaɗan. Giwaye a ƙasa kamar an watsa duwatsu. Moagi ya ce na yi jinkirin rage mai. Ban yi ba.

Talata, 11 ga Yuni, da rana tsaka. Zambiya.

Sun ƙwace mini adda.

A filin shigowa aka ce mu kawo jakunkuna ciki kwastan su duba. Aka duba, aka buga fasfo, sai kuma dole mu bi ta na'urar bincike kafin mu koma wajen jirginmu. Addar tana ƙasan jakar kayan aiki. Jami'in ya zaro ta da yatsa biyu kamar ya kama maciji.

"Mama, wannan ba za ta wuce ba."

"Ɗana, jirgin nawa ne. Ni ce matuƙiya. Wa zan yi wa fashi, ni kaina?"

"Na'ura ba ta san mai jirgi ba, Mama. Doka ce."

"Daji za ni. Da me zan sari ƙaya in kare tayoyi? Ko kura ma ta san doka?"

Ya yi dariya har da riƙe ciki, amma bai ba ni ba. Sai dai ya yi mini wani alheri da bai san girmansa ba. Ƙa'ida ita ce matuƙi ya bi ƙofarsa, fasinja ya bi tasa. Da yake filin babu kowa, ya ce mu wuce tare. Na riƙe hannun Moagi muka wuce.

Laraba, 12 ga Yuni, ƙarfe shida na yamma. Bakin Zambezi.

Yau dole in yabi kaina, tun da ba mai yi mini.

Titin jirgi na sansanin masu yawon daji da muka sauka jan ƙasa ne, gajere, itatuwa gaba da baya. Da na iso barewa sun fi ashirin a kansa, har da gadu da 'ya'yanta. Na sauko ƙasa ƙasa na ratsa ta kansu da ƙarar inji, suka watse, na zagayo na ajiye Tsohuwa kamar ana ajiye ƙwai. Mweemba, direban sansanin da ya zo ɗaukarmu, sai da ya tafa. Ya tafi wajen Moagi da hannu biyu yana cewa, "Sannu Kyaftin, saukar nan sai ku!" Moagi ya karɓi gaisuwar. Na bar masa.

Mweemba ya ara mana adda. A daji duk mai jirgi ya san sai an kewaye tayoyi da ƙaya kafin a tafi, don kura tana son roba kamar yadda yaro ke son alewa. Na miƙa hannu zan karɓa, Moagi ya riga ni.

"Wannan aikina ne. Tun ba ki san ƙofar jirgi ba nake yinsa. Je ki cike takardunki."

Fuskarsa ta yi haske irin na dā. Na shiga mota na zauna ina rubuta awoyin tashi, ban ɗaga kai ba don kada ya ga ina sa masa ido.

Alhamis, 13 ga Yuni, ƙarfe takwas na safe.

Tayar gaba ta tafi. Kura ta cinye rabinta, ta bar mana waya da sawunta.

Tayoyin baya biyu an kewaye su da ƙaya tsaf, aikin gwani. Tari na uku kuwa, wanda ya fi kyau, yana kewaye da wata tsohuwar gangar mai a gefen titi.

Mweemba ya dubi gangar, ya dube ni, ya sunkuyar da kai. Moagi ya ce, "Wane sakarai ne ya bar tayar gaba a buɗe?"

Na ce, "Ni ce."

Juma'a, 14 ga Yuni, da hantsi.

Na kira Gorata na ce kura ta ci taya, muna jiran sabuwa daga Lusaka. Ta ce, "Baba fa?" Na ce lafiyarsa ƙalau, yana cin kifi. Gaskiya ce, yana ci.

Laifina ne. Minti ɗaya ya isa in zagaya jirgin in duba. Na zaɓi kada in ɓata masa rai, ga abin da ya jawo.

Asabar, 15 ga Yuni, da yamma.

Ya kira ni da sunan yayarsa da ta rasu. Sau ɗaya ne kawai.

Litinin, 17 ga Yuni, ƙarfe huɗu na yamma.

Tayar ta zo a jirgin da ke kawo wa sansani tumatir da albasa. Matuƙin, wani dogon Bature mai jan wuya, ya ce in jira makaniki ranar Alhamis. Na ce lasisina ya ba ni damar canza taya, kuma izinina na ƙasar nan ba zai jira Alhamis ba.

Ba mu da abin ɗaga jirgi. Moagi ne ya ce, ba tare da kowa ya tambaye shi ba, "A danne wutsiya, hanci zai tashi." Shi da Mweemba da mai dafa abinci suka kwanta a kan wutsiyar Tsohuwa, hancinta ya ɗaga sama, ni kuma na durƙusa a ƙasa da sifana. Awa ɗaya da rabi. Na fasa farce biyu, gwiwata har yanzu tana zugi. Daga wutsiya yake ta ihu, "Kar ki manta da ƙaramin fil ɗin nan na noti!" Da kuwa na manta.

Da tayar ta taɓa ƙasa ta tsaya cak, mai dafa abinci ya rangaɗa guɗa kamar mace. Na yi rawa a kan titin jirgi, ni Sethunya, da baƙin mai har goshi. Ƙayar yau ni na sa, ya tsaya yana duba mini.

Laraba, 19 ga Yuni, ƙarfe biyar na yamma.

Ba mu bar Zambiya ba. Muna wani masauki a gari. Fasfo ɗinmu suna hannunsu.

Bari in rubuta shi a jere.

Filin fita yau cike yake da 'yan yawon buɗe ido. A bakin na'ura aka ce matuƙi hagu, fasinja dama. Na ce mijina ne, tare muke. Aka ce doka ce. Na ce a wancan filin an bar mu. Aka ce nan ba can ba ne. Mutane suna bayana suna tsaki. Da na buɗe baki na faɗi dalili, da wataƙila sun bari. Yana tsaye kusa da ni, da hular kyaftin ɗinsa, yana jin komai. Ban faɗa ba.

Na zaunar da shi a benci na ce, "Baban Gorata, kar ka motsa. Minti goma, in miƙa takardar hanya in zagayo in ɗauke ka." Ya ce, "Sai ka ce yaro."

Minti goma sha biyar na yi. Da na fito wajen jirage da rigata mai ƙyalli, sai na ji usur. Ya bi sahun Turawa ya fita ta ƙofa, ya bar layinsu, ya nufi wani farin jirgin haya mai kujera goma sha biyu. Yana zagaya shi yana shafa fiffike, yana leƙa ƙarƙashi, yana gwada farfela da hannu, kamar yadda ya yi kowace safiya shekara talatin da huɗu. Masu tsaro uku suka rufar masa. Ina gudu ina jin muryarsa: "Ku sake ni! Ni ne kyaftin! Ba a tashi ba a duba ba!"

Hularsa ta faɗi, wani ya taka ta.

An sauke fasinjojin jirgin, an sake bincikarsa daga hanci har wutsiya. An riƙe Moagi awa uku a ɗakin tsaro. An ɗaure wa Tsohuwa jan ƙyalle a farfela. Jibi zan ga shugabar tsaro.

Alhamis, 20 ga Yuni, da safe.

Ya tambaye ni me ya sa wuyan hannunsa ya kumbura. Na ce ƙofa ce.

Alhamis, da la'asar.

Ban kira Gorata ba. Wasiƙar likita tana ƙasan jakar taswira tun Afrilu. Na ciro ta, na mayar. Na sake ciro ta.

Juma'a, 21 ga Yuni, ƙarfe biyu na rana.

Shugabar tsaro Madam Nyirongo ce, gajeriya, da tabarau a kan hanci, irin matan da nake ɗauka aiki nan take lokacin ina makaranta. Na bar Moagi a barandar ofis da wata ma'aikaciya da kofin shayi.

Ba ta yi kwana-kwana ba. Ta ce, "Mama, mutum ya shiga inda aka hana, ya taɓa jirgin da ba nasa ba, ya kuma ce shi matuƙi ne alhali takardarki ta ce fasinja. In da saninsa ya yi, maganar 'yan sanda ce da kotu. Ki ba ni dalilin da zai hana in tura."

Na fara yi mata bayanin shekarunsa a sama, da mutanen da ya kwaso lokacin ambaliya. Ta ɗaga hannu.

"Ban tambaye ki ko shi wane ne dā ba."

Raina ya ɓaci, na ji zafin har kunne. Ni ake katsewa? Amma gaskiyarta. Na buɗe jaka na ajiye mata wasiƙar. Ta karanta har ƙasa, ta cire tabarau, ta turo mini farar takarda da biro ta ce sai na rubuta da hannuna na sa hannu.

Na rubuta kalmar. Wata biyu ke nan ban furta ta ba, ko ga Gorata, ko a addu'a. Na rubuta ta a takardar gwamnatin wata ƙasa, da manyan baƙaƙe, don kada a ce ba a gane ba. A littafin nan ba zan rubuta ta ba, nan nawa ne.

Ta ce, "Me ya hana ki faɗa a ƙofa?"

"Yana tsaye a wurin."

Ta daɗe tana kallona. Sai ta ce kakarta ma haka ta yi, har ta riƙa fita neman gonar da aka sayar tun kafin a haife su. Daga nan ta koma shugabar tsaro. Ba kotu. Za ta ba ni takarda mai hatimi cewa fasinjan nan ba a raba shi da mai kula da shi, in bi ƙofar fasinja tare da shi a duk inda muka je. Amma da sharaɗi ɗaya, kuma sai da ta sa na maimaita: ba zai ƙara zama a gaba kusa da sitiyari ba. Kujerar baya.

Na ce, "Madam, mutumin nan bai taɓa zama a bayan jirgi ba tun da aka haife shi."

Ta ce, "To ki zaɓa, Mama. Baya, ko mota zuwa gida."

Na fito da fasfo biyu a hannu. Na ci nasara, kuma sai da na shiga banɗaki na yi kuka kafin in je wajensa.

Asabar, 22 ga Yuni, da yamma.

Na gaya wa Gorata komai. Ta ce, "Saura awa nawa ku kai?" Na ce uku, in an haɗa da tsayawa a Lilongwe. Ta ce, "To ki kai shi, Mama."

Lahadi, 23 ga Yuni, bayan coci.

Duk huɗubar ban ji ko kalma ba, ina ta saƙa yadda zan sa shi a baya ba tare da rigima ba.

Litinin, 24 ga Yuni, ƙarfe biyar da rabi na yamma. Likoma.

LIKOMA.

Da safe Madam Nyirongo da kanta ta raka mu har gindin jirgi, ta kwance jan ƙyallen. Moagi ya nufi ƙofar gaba. Na riga shi, na ture kujera, na ɗan rusuna na ce, "Ranka ya daɗe, yau hutu kake. Manya a baya suke zama, ka taɓa ganin minista kusa da direba?"

Ya tsaya yana dubana. Sai Madam Nyirongo ta ƙame ta sara masa. Ya gyara hularsa, wadda na wanke na busar jiya, ya shiga baya ya harɗe ƙafa. Har ya ce a miƙo masa jarida.

A Lilongwe na nuna takardar, muka bi ƙofar fasinja hannu cikin hannu, ba wanda ya ce kanzil. Na sa mana rigunan ruwa, muka tashi.

Ban taɓa tuƙi a kan ruwa ba. Ni 'yar Kalahari ce, ruwan da na sani ana ganin gaɓarsa. Da ƙasa ta ƙare a ƙarƙashinmu sai na ji kamar injin ya canza murya, alhali alluran agogunan jirgi duka suna inda suke. Kujerar dama babu kowa, ba mai cewa na yi sama da yawa. Ashe surutun nan da na yi shekara tara ina tsinewa shi ke riƙe da ni. Na yi ta yi wa kaina faɗan da bakina, a hankali, har na hango tsibirin, da itatuwan kuka, da jan rufin cocin. Duk yadda ya faɗa, bai ƙara ko ɗaya ba.

Iska tana bugowa daga gefe, mai ƙarfi. Na karkata fiffike cikinta, na danna ƙafa, na sauke tayar hagu, sannan ta dama, sannan sabuwar ta gaba. Ko girgiza ba mu yi ba. Na kashe inji.

Ya dafa kafaɗata daga baya, cikin ladabi, da muryar da yake yi wa baƙi.

"Sannu da aiki, 'yar nan. Saukar ba laifi."

Na ce, "Na gode, ranka ya daɗe."

Yana kallon ruwan ta taga, idonsa ya cika. Ya ce, "Na yi wa matata alkawarin kawo ta nan. Ita ma tana tuƙi, kin sani. Ni na koya mata." Ya matso kusa da kunnena, ya rage murya. "Kar ki ji haushi, amma ta fi ki. A iskar nan da ita ce, ko sanin an sauka ba za ki yi ba. Ban taɓa samun ɗalibi kamarta ba."

Na ce, "Ka taɓa gaya mata?"

"Haba! Kin san matata kuwa? Ai sai kanta ya ƙi shiga jirgin."

Na yi dariya har na kasa kwance bel, hawaye na zuba a kan rigar ruwan. Ya miƙo mini hankicinsa.

Yanzu yana zaune a bakin tafkin, ya naɗe wando, ƙafafunsa cikin ruwa. Ɗazu ya juyo ya ƙwala mini kira, "Maman Gorata! Ba na ce zan kawo ki ba?"

Na ce, "Ka faɗa, Baban Gorata. Ka kuma kawo ni."